Haƙoran Rogo na Lado Mai Faci

Duk wanda tayar babur ɗinsa ta taɓa sacewa a hanyar tashar jirgi ta Kaura Namoda ya san Lado Mai Faci. Yana nan gindin dalbejiya da famfonsa da bahon ruwan da ba wanda ya tuna ranar da aka canza shi. Faci ne ke ciyar da shi, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara zama ya ce maka shi Dodo ne.

Bai kuwa yi ƙarya ba. Tun yana saurayi, in azumi ya kai goma aka fara tashe, shi ke shiga rigar buhu da buzun tunkiya, a ɗaura masa igiya a ƙugu, a riƙa jan sa ƙofa ƙofa ana kaɗa gwangwani. Sa'o'insa duk sun girma sun bari, wasu har sun sauke farali, shi kuwa furfura a cikin buhu ta same shi. Abin da ya riƙe masa wannan babban muƙami haƙoransa ne na gaba: manya, a waje, goro ya rine su jawur, leɓe ya daɗe da haƙura da rufe su. Wasu dodannin sai sun sha gawayi da bula. Lado murmushi kawai yake yi, unguwa ta watse.

Sai bara, yana dawowa daga Kasuwar Daji da rago ɗaure a bayan babur, ragon ya ga dama ya miƙe tsaye. Lado ya sauka da baki. Ragon ko ƙwarzane bai yi ba, amma jarin Lado gaba ɗaya a bakin titi aka baro shi.

Da azumin bana ya kama, Maitama, shugaban 'yan tashen unguwar kuma abokin wasansa, ya zo ya tsaya a kansa.

"Lado, yi man gurnani in ji."

Lado ya cika ƙirji ya saki. Abin da ya fito iska ce, irin ta tayar da ƙusa ta huda.

"Wanga ai ba Dodo ba ne, kakar Dodo ce," in ji Maitama. "Ga Fahad mai cajin waya can ya sayo fuskar roba daga Gusau. Ranar farkon tashe za mu gwada ka ƙofar gidan Hajiya Zubaida. In jikokinta sun yi dariya, ka tuɓe buhu ka ba yaro."

Nan Lado ya shiga neman haƙori kamar mai neman aure. A kasuwar Shinkafi ya samu na roba, irin na wasan yara, kore shar, ga ƙanƙanta, sai dai a sa wa kyanwa. Wani mahauci ya ba shi muƙamuƙin tunkiya kyauta, ya kawo gida da murnarsa. Matarsa Saliha ta dube shi, ta dubi muƙamuƙin.

"Baban Hannatu, ran da wanga abu ya shiga bakinka, ka nemi kwanonka daban."

Ya je wurin mai sa haƙori na gaskiya, aka nuna masa farare tas, jere kamar ƙwayar masara. Saliha da ta ji labari ta ce, "Don Allah sa waɗannan, ko ni ma in ga yadda zama da kyakkyawa yake."

"Ni tsoro nike nema, ba bazawara ba," in ji shi.

Daga ƙarshe wajen mai rogon da ke kusa da dalbejiyarsa ya samu mafita. Ya zaɓi ɗanyen rogo mai tauri, ya sa rezar da yake yanka tif da ita, ya fere haƙora biyu masu tsawon ɗan yatsa, masu lanƙwasa, ya goga musu goro har suka yi ja. Wajen mannawa, da yake kowa da abin da ya sani, sholisho ya fara ɗaukowa. Saliha ta ƙwace gwangwanin ta ce bakinsa ba taya ba ne, ko da yake duka biyun iska suke fitarwa. Sai aka koma ga ƙaro.

To, a nan gizo ke saƙa. Da rana Lado na azumi, ba halin sa rogo da ƙaro a baki, sai dai ya kara su a kan leɓe ya duba a madubin babur, ya gyaɗa kai. Bayan shan ruwa kuma ya manna su, ya zauna shiru kamar amarya, suka zauna daram. Gurnani ne bai gwada ba ko sau ɗaya, don shagon Fahad na bayan katangarsa, ba ya so abokin hamayya ya ji sirri.

Ranar gwaji, da aka sha ruwa, Lado ya ɗora kunun tsamiya mai zafi kofi bayan kofi, don Dodo ba ya aiki da yunwa, sannan ya manna haƙoransa a kan dasashi mai ɗumi. Ana idar da asham aka ja shi zuwa ƙofar Hajiya Zubaida. Tsohuwar na kan tabarma da ƙwaryar fura a gabanta, jikoki kewaye da ita, Fahad na gefe rungume da fuskar robarsa yana jiran gado.

Aka kaɗa gwangwani. Lado ya yi tsalle, ya girgiza buzu. Wata 'yar jika ta fara murmushi. Da ya ga haka sai ya tattaro duk iskar da ke jikinsa ya yi gurnanin ceton rai.

Haƙoran suka fita kamar an harba su da gwafa. Ɗaya ya faɗa tsundum cikin furar Hajiya, ya taso sama, ja, yana lilo. Ɗayan ya sami Fahad a goshi.

"Dodo ya harbo haƙori!"

Yara suka watse, wasu ba takalmi. Hajiya, wadda ta daɗe tana cewa ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko barka, ita ta riga kowa shiga zaure. Fahad ya yar da fuskar roba ya bi su.

Maitama ya share hawayen dariya ya ce, "Kai, tsohon banza, yaushe ka koyi wanga?"

"Sirrin sana'a ne," in ji Lado, iska na rakiyar kowace kalma.

Buhu dai ya zauna a jikin mai shi. Sai dai kafin gari ya waye labari ya zaga, kuma duk ƙofar da suka je ba mai ba da ko ƙwayar gero sai Dodo ya harbo haƙori. Rogo kuwa in ya faɗa ƙasa ko furar mutane, ba ya komawa baki. Don haka har azumi ya ƙare, in ka turo babur gindin dalbejiyar nan, za ka tarar da Lado da tulin rogo a gabansa, leɓe a bushe, yana fiƙe haƙoran yamma, ya ce maka ka ɗan jira. Masu gaggawa suka koma wurin wani mai facin. Saliha kuwa kullum sai ta aiko a kwashe mata ɓawon rogon, ta ce tunda aka yi aurensu sai bana ta ga wanda ya ci ribar dodancin nan, wato akuyarta.