Yaya Mele, Wa Zai Hau Tudun Roni da Ni?

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina tsaye wajen mai faci a Kazaure, Mu'azzam ya kira ni ya ce mahaifinsa, Malam Mele, tsohon malamin gona na Roni, ya rasu bayan zazzaɓin 'yan kwanaki. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. A zaman makoki ma sai na riƙa tashi ina zagaya bayan gida, har mutane suka fara kallona.

Yaya Mele, ba mu haɗa jini ba, amma ban san wani sunan da zan kira ka da shi ba. A layin ganin likita muka haɗu, shekarar da na ajiye koyarwa. Ciwon ƙirji ya kai ni, aka ɗora ni kan ƙwayar da ke rage gudun bugun zuciya. Ni da na saba zuwa Babura a keke in dawo, sai ga shi ɗan tudun da ke bayan unguwarmu ya gagare ni. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun gyaɗa. Agogon da 'yata ta saya mini mai auna bugun zuciya sai ya riƙa nuna lamba ƙasa-ƙasa, komai haƙin da nake yi. Na tsorata. Na jingine keken, na zama mai faɗa a gida.

Na gaya maka na yanke shawarar daina shan maganin. Ban taɓa ganin ranka ya ɓaci irin na ranar ba.

"Lawal, ni na riga ka gwadawa," ka ce. "Na ajiye shi rana tsaka, zuciyata ta riƙa dukan ƙirjina kamar za ta fito. A mota aka kwaso ni daga Gwiwa. Ba a yanke shi haka kawai. Tashi mu koma wajen likita."

Ka raka ni har ciki, ka zauna kamar kai ne majinyacin. Likita ya saurare ni, ya daidaita mini ƙwayar, ya bayyana cewa aikinta ke nan, ta hana zuciya gudun da ya wuce ƙarfinta, don haka in daina neman tsohuwar lambata a agogo. Ya ce in hau keke, amma da hankali.

Kai ka koya mini wannan hankalin. Ranar Asabar sai ga ka a ƙofar gidana, wando a naɗe, gorar ruwa ɗaure a kariyar kekenka. Ka sa na cire agogon na saka a aljihu. Ka ce mu fara a sannu har jiki ya ɗau zafi, kuma ma'auninmu hira: in dai ina iya ba ka amsa ina taka feda, lafiya, in magana ta fara yankewa, mu sassauta. Shi ya sa ba ka rufe baki a hanya. Ka yi ta zancen irin gero mai saurin nuna, da gonar da aka bari ciyawa ta cinye, kana tsokana ta don in yi gardama. Na daɗe kafin na gane numfashina kake saurare. In mun tsaya kuma ba ka yarda in miƙe da sauri, saboda jiri.

Ranar da muka fara hawa tudun Roni, na sauka a tsakiya na tura. Kai ma ka sauka, alhali na san za ka iya hayewa. Ka ce ƙusa ce ta shiga takalminka. Babu wata ƙusa.

A wajen jana'iza na ga kekuna jere a jikin katanga, na manoman ƙauyukan da ka yi wa aiki. Wani dattijo da ban sani ba ya kama hannuna ya ce, "Kai ne Malam Lawal? Ni ma shi ya hana ni jefar da maganina." Ban san mu nawa ne ba. Ba ka taɓa faɗa mini ba.

Jiya na fita ni kaɗai. Na kai rabin hanya na juyo. Ba gajiya ba ce; shirun ne ya yi mini yawa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Mele, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya zazzaɓin da ya yi ya zama kaffara, Ka saka masa da Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Ya Kaka, da Mu'azzam, da Ummi Kulsum, da Zara, da duk jama'ar Roni da Gwiwa. Allah Ya ba ku haƙuri, ni ma Ya ba ni. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.