Layin taurarin Malam Hamisu

Yau shekara shida ke nan da rasuwar Malam Hamisu. Na fara zarginsa ne wata Talata da hantsi, a ɗakin gwajin jininmu da ke Ƙofar Durbi, muna tare da Hajiya Binta mai miƙa wa mutane sakamako. Shi ya rubuta mana manhajar da ke buga sakamakon. Tsakanin na mutum da na wani akwai layin taurari, nan muke bi da almakashi mu yanke.

Na leƙa allon kwamfutar da yake aiki a kai, na ga ya ɓata layi biyar na manhajar a kan wannan ɗan aiki. Ya rubuta adadin taurarin a wuri guda, ya sa masa suna, sannan ya umarci kwamfuta ta maimaita tauraro ɗaya har adadin ya cika. Na ce da ya jera taurari arba'in da hannu, da ta fi sauri. A raina kuwa, gani nake yana tsawaita aikin ne don kada mu iya rabuwa da shi.

"Alhaji, wane sauri?" in ji shi. "Firintar nan sai ta yi hamma take buga layi. Wanda zai karanta bayana nake rubuta wa."

Ban yarda ba.

Bana muka ɗauko wani injiniya ya sabunta manhajar. Ya dunƙule komai cikin gajerun layuka cike da alamomi, ya ce ta fi gudu. Na ce ya fassara mini layi ɗaya da Hausa. Ya yi dariya ya ce ai tana aiki. Saboda wannan dariya na hana a goge tsohuwar.

Da muka sauya zuwa firinta mai siririyar takarda, taurarin suka yi yawa, suka gangaro kan layin suna. Hajiya Binta ta yanke, sai ga sakamakon wani a hannunta ba suna, mutum biyu na jira. Wayar injiniya a kashe.

Na buɗe tsohuwar manhajar Malam. Kusa da arba'in ɗin ya rubuta: "In takarda ta canza, nan kaɗai za a taɓa."

Yanzu da ake cewa na'ura ma na rubuta manhaja cikin daƙiƙa, na san abin da Malam zai fara tambaya: wa ya karanta? Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini zato.

Na mayar da arba'in talatin da biyu. Tasa muke amfani da ita har yau.