Jiran Yana Ta Nuna

A iya karatuna, ban ga fasahar da ɗan Adam ya ƙirƙiro da ta kai raba acca da yashi ba. Masu gina gada da masu harba jirgi sama su yi haƙuri. Ƙwayar acca da ƙwayar yashi girmansu ɗaya, launinsu kusan ɗaya, saboda haka duk wanda ya iya raba su da ƙwarya biyu da ruwa ya cancanci a miƙe tsaye in ya shigo. Mahaifiyata ta iya. Ta daɗe tana sayar da faten acca a bakin wata masana'anta a Kudenda, kuma ba a taɓa samun ma'aikacin da ya tauna tsakuwa a kwanonta ba.

Shekarun baya, wata Lahadi bayan an tashi daga coci, na je gidanta a Mahuta cin abinci kamar yadda na saba. A cokali na biyu na ji ƙaras a haƙorina. Na haɗiye. Ƙanwata, wadda ke zaune tare da ita, ta ɗago ta kalle ni. Ita ma ta ji.

Ta ja Mama zuwa bakin ƙofa inda ke da haske, ta buɗe mata ido. Wani farin layi ne ya ratsa baƙin idon dama, kamar an ja da alli. Na hagu ma ya soma daga gefe. Mama ta ce ya daɗe yana mata ja da ƙaiƙayi, ta ɗauka hayaƙin itace ne.

"Yaya, gobe mu kai ta asibitin ido," in ji ƙanwata.

A nan ne ilimina ya motsa. Ni malamin sakandare ne, na saba in yi magana a rubuta. Na gyara zama na ce, "Yanar ido ce. Ita kuma yana ba a taɓa ta sai ta nuna. Haka aka yi wa Kawu, sai da ta rufe ruf aka cire." Har na ƙara da cewa na karanta. Ban karanta ba. A motar haya na ji wani tsoho yana faɗi, amma na faɗa da muryar da nake ba ɗalibai darasi, sai maganar ta zauna.

"To in ba ita ba ce fa?" in ji ƙanwata.

"Ke kika yi makarantar ko ni?"

Mama ta ce, "Ki bar Malam ya yi aikinsa." Haka take kirana in tana son tsokana, da kuma in tana alfahari da ni. Ranar duka biyun ne.

Daga nan muka samu sabuwar al'ada. Kowace Lahadi bayan abinci sai ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno, ta ɗaga fuska, ni kuma in kunna fitilar waya in leƙa.

"Malam, ta nuna?"

"Saura kaɗan, Mama."

Sai ka ce gwanda muka ajiye a buhu. Har zanen idon nake yi a bayan littafin shirya darasi, ina sa alamar inda farin ya kai. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, duk ranar da na ga ya ƙaru, murna nake yi. Nakan ce mata an samu ci gaba. Ita ma ta ce, "Mun gode Allah."

Kasuwar Mama ta fara ja da baya. Wata rana wani ma'aikaci, cikin wasa, ya ce mata, "Mama, yau fate kika kawo mana ko bulo za mu buga?" Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta dawo gida ta wanke tukunyar ta kife, ba ta sake ɗora ta ba. A zumuntar mata ta coci kuwa ta ci gaba da riƙe littafin waƙoƙi tana rerawa da ka. An ce wata rana ta riƙe shi a juye, maƙwabciyarta ta miƙa hannu ta gyara mata shi ba tare da ta daina waƙa ba.

Damina biyu muka yi a haka. Da ciwon kai ya kai ga hana ta cin abinci, ƙanwata ta ɗauke ta zuwa asibiti ba ta gaya mini ba. Sai da suka shiga layi ta kira ni. Na baro aji a Kamazou na iso da littafin zanena a hammata, wai ko likita za ta buƙaci tarihin ciwon.

Likitar ta daɗe tana dubawa, sannan ta juyo. Ta ce wannan ba yana ba ce. Ita yana a cikin ido take. Wannan kuwa a fuskar idon yake, a kan tantanin nan mai haske kamar gilashi, wani abu ne irin farar ƙasa ya taru, kamar yadda yake kama cikin butar dafa ruwa. Shi ana iya kankare shi. Matsalar ita ce abin da ya kawo shi: tsohon kumburi ne a cikin idon, wanda aka bari har ya jawo hawan jinin ido, ya kashe jijiyar gani. Na dama ya tafi. Na hagu saura ɗan kaɗan.

"Ko yanar ma ai an daina jira ta nuna," in ji ta. "Mama, wa ya ce ku zauna a gida?"

Ƙanwata ta kalli ƙasa. Ni na buɗe baki, amma Mama ta riga ni.

"Ba kowa, 'yata. Ni ce mai taurin kai. Yaran nan sun yi sun yi da ni, na ƙi."

Aka kankare, zafin ya ragu. Gani kam bai dawo ba. Da na hagun tana iya bambance ƙofa da bango, shi ke nan. Ta yi sauran shekarunta a haka, kuma har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da ma ta zage ni sau ɗaya, da na samu abin riƙewa. Ƙanwata ce kawai, ranar jana'iza, ta ce mini, "Ka san ko a mako na ƙarshe tana cewa kada a gaya maka idon na ciwo, kana da aikin makin jarrabawa?"

Mutane sukan ce jahilci ne ke kashe mu. Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Jahili yakan ji tsoro ya ruga asibiti. Mai rabin sani da kyakkyawar murya shi ne abin gudu, musamman in yana da uwar da ta sayar da fate ta kai shi makaranta, don ita ba za ta taɓa yarda ɗanta bai sani ba. Tun daga lokacin na zama mai wa'azin ido. A ɗakin malamai, a coci, a motar haya, duk wanda na ga yana murza ido sai na tare shi na ce kada ya jira komai, ya je a duba yau.

Da na je canza tabarau, likita ya ga wani ɗan fari a gefen idona na hagu, ya ce in dawo bayan mako biyu. Wata bakwai ke nan ban koma ba.