Gwajin da Maigandi Ya Zaɓa

Maigandi Bawa malamin lissafi ne a wata sakandare kafin gwamnatin soja ta sayo kwamfuta da arzikin mai a 1977. Injin ya cinye ɗaki guda a bayan wata ma'aikata a Sakkwato. Aka tura Maigandi kwas na wata tara, da ya dawo aka ba shi shugabancin mutum huɗu masu rubuta wa injin umarni, abin da yau ake kira manhaja. Mutum ne marar hayaniya. A keke yake zuwa daga unguwar Runjin Sambo, alhali tsararrakinsa duk sun hau mota.

Aikinsu na farko shi ne raba yaran da suka gama firamare zuwa makarantun sakandare bisa makin jarrabawa. Kafin a saki manhajar sai an gwada ta, kuma hanya biyu ce a gabansu. Kamfanin da ya sayar da injin ya haɗo da nasa kayan gwaji: a zuba masa sunaye ɗari na misali, cikin yini ɗaya ya ce komai lafiya ko akasin haka. Ɗaya hanyar ta Istifanus ce, mataimakin Maigandi, mutumin Zuru. Shi so yake a gwada kowane ɓangare shi kaɗai, da misalan da suka lissafa da hannu, da sunayen yaran ƙasar nan. Wannan zai ci mako shida.

Babban sakatare, Alhaji Tambari, mako biyu ya ba su, don an riga an sanar da ranar fitar da sakamako a rediyo.

"Malam, na kamfani sunayen Turawa ne a ciki," in ji Istifanus. "Ba su san Muhammadu Bello goma za su iya zama a aji ɗaya ba."

"Na ji ka. To mi za ni ce ma Alhaji?"

"Ka ce masa ba mu gama ba."

Maigandi ya yi kwana uku yana juya maganar. Shekara biyu kacal da suka wuce an sallami ma'aikata da yawa ta rediyo, har da yayansa, wanda tun ranar bai sake fita ƙofar gida ba. Ranar Alhamis ya sa hannu a kan gwajin kamfani. Injin ya ce komai lafiya, sakamako ya fita a kan lokaci.

Da aiki ya lafa, Istifanus ya huda katunansa na ba injin umarni, ya yi nasa gwajin ba tare da an sa shi ba. A rana ta huɗu ya ajiye takarda a teburin Maigandi. Ɓangaren da ke cire sunan da aka maimaita bisa kuskure, sunan yaro da na uba kawai yake dubawa. Duk inda yara biyu suka yi suna ɗaya, sai ya share na biyun. Yara ɗari huɗu da goma sha biyu da suka ci jarrabawa an gaya musu sun faɗi.

Maigandi ya kai takardar wa Alhaji Tambari.

"Makarantu sun cika," in ji Alhaji. "Wa ya san wanga zance?"

"Ni da Istifanus, ranka shi daɗe."

"To shi tsaya nan."

Maganar ta tsaya nan. Istifanus ya ƙi yin shiru, ya rubuta ƙorafi, aka mayar da shi wani ofishi a ƙauye inda ko lantarki babu. Maigandi ne ya sa hannu a takardar canjin. Shi kuma aka ƙara masa girma.

Maigandi ya gyara manhajar, kuma daga shekarar ya wajabta gwajin Istifanus a sashen, ba ya sakin layin umarni ɗaya sai an bi ta kansa. Sabbin ma'aikata suna ce masa mai taurin kai, ba wanda ya san dalili. A ɓoye ya rubuta wa hedimastoci wasiƙa a kan yara talatin da wani abu, aka samar wa bakwai gurbi. Sauran an ce sun tafi noma ko ci-rani, 'yan matan kuma iyayensu sun ce an riga an wuce wurin. Daga nan ya daina rubutawa.

Ya yi ritaya a 1989, ya koma unguwar Mabera. Ciwon suga ya taɓa masa ido, har ya kai sai matarsa Lailatu ta riƙe masa hannu zuwa zaure. Sau biyu ya aika a nemo masa Istifanus. Na farko aka ce ya yi tafiya. Na biyu ɗan aiken ya same shi a gonarsa, Istifanus ya ce a gaishe da Malam da jiki, in ya samu sarari zai shigo. Maigandi ya rasu da damina a 1994, kafin Istifanus ya zo.