Bakanon da Ya Ce Mu Yi Faƙuri

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin Kawu Labbo a Gummi ya san langar nan tasa. Kafin ya amsa gaisuwarka sai ya karɓi wayarka ya jefa a ciki, ya haɗa da tasa, ya rufe, sannan ya ƙare maka kallo ya ce, "To, wa ya aiko ka?" Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya yi mini huɗuba, amma ban taɓa tsira daga tambayar nan ba. Ko Innata, ƙanwar tasa, ce ta kai masa fura, sai ya zuba wa kaza ta fara sha.

Rashin yardar nan ne ya haifi manhajarmu. Da ya yi ritaya daga koyar da lissafi, sai ya ce allon rubutun da ke cikin waya yana kai rahotonsa wani wuri. Ya duƙufa ya koyi aikin, ya haɗa nasa allon mai ƙ da ɗ da ɓ, ya baje duk tsarinsa a intanet kyauta, kowa ya gani, kowa ya kawo gyara. Na tambaye shi yaya wanda bai yarda da kowa ba zai buɗe wa kowa ƙofa. Ya ce ai dalilin ke nan, in idon kowa na kan abu ɓarawo ba ya samun sukuni.

Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti suka rungumi abin, daga Anka har Bukkuyum. Mu kaɗan muka shiga taya shi, ciki har da Nasiru, ɗan Anka da ya yi karatu a Kano. Nasirun ne ya koya wa allon gyara kalmomi. Rannan Kawu ya rubuta "na tahi", waya ta mayar masa "na tafi". Ya goge ya sake, ta sake.

"Abin da nig gina da hannuna shi ka gyara min magana? Kanawa sun saye ku!"

Ya cire sunansa, ya rantse Labbo ba zai ƙara taɓa manhajar ba, ya bar mu da ita.

Ana nan sai sababbin wayoyi suka shigo, allon ya fara mutuwa. Kana danna ƙ sai ya rufe ɗif. Mutane suka fara goge shi, mu kuma muka yi iya yinmu abin ya gagara. Na je na roƙi Kawu, ya ce mu tambayi Kano. Gaskiya na ji haushinsa ƙwarai, don aikinsa ne ke shirin bin ruwa.

Kwatsam sai ga gyara ya shigo daga wani wai shi Bakano Mai Son Alheri. Ba wanda ya san shi, mu kuwa tarbiyyar Kawu ce, muka ƙi karɓa. Nasiru ya ce masu satar lambobin mutane ne. Ni na zargi Nasiru, ashe shi ma ni yake zargi. Muka bi gyaran layi-layi ba mu ga aibu ba, sai tsoronmu ya ƙaru. Har muna shirin toshe mutumin, sai ya turo saƙo:

"Na ga kuna tsoro. Ku yi faƙuri ku duba da fankali, don Fausa nake yi."

Nasiru ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ya sha ruwan Kano shekara da shekaru bai taɓa jin Bakanon da ke faƙuri ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya ɗauka Kananci shi ne ka kama duk wata h ka mayar da ita f.

Muka karɓi gyaran, allo ya farfaɗo. Sai daga baya muka lura "tahi" ma ta samu shiga, waya ta daina taɓa ta. Na je Gummi, waya ta shiga langa, na ce, "Kawu, ko ka san Bakanon nan?"

"Wa ya aiko ka?" in ji shi. Can kuma ya kau da kai ya ce, "Ban san shi ba. Amma ku riƙe shi, shina da tarbiyya. Kuma kun yi daidai da kunka tsare shi."

Bakano ya ci gaba da turo gyara, Kawu ya ci gaba da zagin manhajar a majalisa. Satin da Kawu ya kwanta ciwo, Bakano ya yi shiru, har yau kuma bai dawo ba.

Ranar zaman makokin Kawu, Nasiru ya zo daga Anka, ya kama hannuna ya ce, "Sai faƙuri." Muka fashe da dariya a gaban mutane, dariyar ta ƙare da hawaye.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya sa aikin nan ya zame masa sadaka mai gudana. Shi da ya saba yi wa kowa tambaya, Allah ya sauƙaƙa masa tasa. Mu kuma Allah ya ba mu faƙuri.