Bokitin Ƙarshe a Layin Markaɗe

Na sha wahala a shekarar nan, ba kaɗan ba. Injin markaɗe gare ni a wani lungu a Birnin Kudu, tsoho ne, sai kafaɗa ta sage da jan igiya kafin ya tashi. Ƙa'idata ɗaya ce tun da na buɗe: bokitin da ya riga zuwa shi ake fara zubawa. Masu 'yan aike tun asuba suke jera nasu, a ɗora dutse a kan murfi.

Akwai wata yarinya 'yar sakandare, uwarta bazawara ce da ta taso daga Gwaram, tana suyar ƙosai. Sai yarinyar ta ɗebo ruwa ta wanke wake kafin ta fito, don haka kullum bokitinta ne a ƙarshe. Ta tsaya da hijabin makaranta, ta dubi rana, ta canja ƙafa, ta sake duban rana. Ni karatuna bai je ko'ina ba, amma tsayuwar nan tana hana ni sakat.

Rannan ta zo da kayan gida.

Na ce, "Ke, yau hutu ne?"

"A'a, Baba. Kullum sai an kore ni don makara. Inna ta ce in ba zan iya haɗa biyun ba, in zauna in taya ta suya."

Na tsallake layi na ɗauki nata. Hajiya mai awara, wadda aikinta ne ke riƙe da injina, tana tsaye.

"Malam, sabon salo! 'Yar gwamna ce?"

"'Yar makaranta ce, Hajiya."

"To ni 'yar kasuwa ce. Injin bakin tasha ma yana cin waken suya."

Ta sa aka kwashe mata kayanta.

Wunin ranar na kasa zama. Na kwance bel ɗin injin na mayar, na wanke abin da yake a wanke. Matata ta ce in je in ba Hajiya haƙuri, mai ya yi tsada, ba mu da kamarta. Na je har ƙofar gidan Hajiyar, na tsaya, na juyo. Na biya gidan uwar yarinyar, na yi sallama daga zaure, na ce ta jiƙa wakenta da wuri ta bar min sauran.

Washegari daga masallaci, bayan sallar asuba, ban koma gida ba. Na karɓo bokitin da kaina, na markaɗa, na mayar musu. Na ce wa yarinyar ta shiga ta sa kayan makaranta, ina nan tsaye.