Shanya a Kan Gada

Daidai inda hanyar gonarmu ta ratsa titin Anka zuwa Gummi mota ta kaɗe Baba, yana tura kekensa da damin gero. Bayan rasuwarsa aka gina wa masu tafiya a ƙasa gadar sama a wurin, mai matakala. Keke da kaya ba ya hawa matakala, jaki ma ya ƙi, sai mutane suka ci gaba da bi ta ƙasa. Mata suka mayar da gadar wurin shanya. Ranar da na taya Inna hawa da kuɓewarta, na leƙa ƙasa, ban ga komai ba sai kwalta.

Ta ce, "Nan ta fi bushewa da wuri."

Na ce, "Haka ne, Inna."